Nasiha ga Matashin Maharbi kan Rataya Ƙaramar Bindiga Mai Madubin Saiti

Daga cikin rassan farauta da suka yi saiwa a Amurka akwai wanda ba a cika jin labarinsa a wajen ƙasar ba, wato farautar manyan namun daji da ƙaramar bindiga ta hannu, wadda maharbi ke zaɓa da gangan alhali doguwar bindigarsa na jingine a ɗaki, domin ya tilasta wa kansa kusantar dabba da haƙuri kafin ya ja kunama. Wannan reshe ya fara tsayawa da ƙafafunsa a 1935, lokacin da kamfanin Smith & Wesson ya fito da libarba mai cin harsashin .357 Magnum, kuma Douglas Wesson, ɗaya daga cikin 'ya'yan gidan da ya mallaki kamfanin, ya tafi da ita dazukan Wyoming ya harbi manyan dabbobi domin ya nuna abin da za ta iya. Bayan kamar shekara ashirin, nacin Elmer Keith, makiyayi kuma marubuci mazaunin jihar Idaho, ya taimaka wajen haifar da .44 Magnum; a 1963 Remington ya ƙera XP-100, a 1967 kuma Thompson/Center ya kawo Contender, bindiga mai cin harsashi ɗaya tak, wadda ake karyawa a tsakiya a ɗura mata, ake kuma iya sauya mata bututu yadda aka ga dama. Da waɗannan bindigogi suka fara kai harsashi nesa da inda idon mutum ke iya daidaita 'yan ƙarafan saiti da ke bisa bututu, sai maharba suka soma ɗora musu madubi, kuma daga nan ne wata matsala ta taso wadda har yau ba a sama mata magani guda ba, wato yadda za a ɗauki wannan abu a jiki tun daga asuba har faɗuwar rana.

Madubin saiti ɗan bututu ne mai gilasai a ciki, wanda ke jawo abin da ke nesa ya matso, yake kuma nuna siraran layuka biyu da suka gitta juna a daidai inda ake so harsashi ya sauka. Na doguwar bindiga ana leƙa shi ne ido na dab da shi, tazarar da ba ta cika wuce santimita 10 ba, amma na bindigar hannu an ƙera shi ne domin a kalle shi daga ƙarshen hannuwa biyu a miƙe, kuma shi ya sa yawancin maharba ba sa wuce mai jawowa ninki biyu zuwa huɗu, tun da duk yadda aka ƙara masa ƙarfi haka rawar hannu ke ƙara bayyana a cikinsa. Ana ɗaure shi a bisa bindigar da zobba na ƙarfe da 'yan kusoshi, kuma da zarar an yi haka siffarta ta sauya ke nan: abin da a da yake siriri mai kwanciya a jikin cinya ya zama mai doro, mai nauyi a sama, mai gilashi a gaba da baya. Ruger Super Redhawk, wadda ta fito a 1987 da gurbin zobban a jikinta, tana da nauyin kusan kilo ɗaya da rabi idan bututunta inci 7.5 ne kuma babu komai a cikinta. In aka ƙara madubi da zobba da harsashi shida sai ta doshi kilo biyu. Ita kuwa Smith & Wesson 500 ta 2003, mai dogon bututu, ta kai kilo biyu tun kafin a ɗora mata komai. A hannu kilo biyu ba wani kaya ba ne, amma idan aka rataye shi a wuri guda a jikin mutum har tsawon yini yana hawa tudu yana gangara, shi ne zai yanke ko maharbin zai isa wurin harbi da sauran ƙarfi a kafaɗarsa ko kuwa a gajiye hannu na karkarwa.

Kuskuren da matashi ya fi saurin faɗawa ciki shi ne auna kube, wato gidan da ake zura bindigar a ciki, da ma'aunin saurin zarewa, kuma finafinan kaboyi su ne suka dasa masa wannan tunani. Mai farauta da bindiga mai madubi ba ya harbi a guje. Yakan hango dabba, ya yi sanɗa ya matso, ya nemi abin da zai ɗora hannuwansa a kai, ko sanduna biyu da aka gicciya ko kututture ko jakarsa ta goyo, ya nemo dabbar a cikin madubi mai ƙunci, sannan ya harba, galibi daga tazarar da ba ta wuce mita ɗari ba. Duk wannan yana cin lokacin da ya ninka na zare bindiga sau da yawa, don haka daƙiƙa biyu da aka ci riba wajen zarewa ba su ƙara komai, alhali ƙarar da aka yi wajen zarewar na iya ɓata aikin yini. Abin da ya kamata ya riƙa tambayar kansa shi ne yadda kuben zai yi da shi a cikin sa'o'in tafiya, da zama, da sunkuyo, da faɗuwa idan ƙafa ta zame, domin a nan ne bindigar ke cinye kusan dukkan ranarta. Kuma tun da babban amfanin bindigar hannu a daji shi ne ta bar wa mutum hannuwansa biyu ya riƙe sanda, ya dafa dutse, ya ture reshe, ya ja gawar dabba, to duk hanyar ratayawar da ke sa shi yawan kai hannu yana tallafe bindigar don kada ta yi lilo ta riga ta ƙwace masa dalilin ɗaukarta.

Ƙugu shi ne wurin da kowa ke fara tunani, kuma shi ne ya fi saurin ba da kunya. Bindiga mai bututun inci huɗu ko biyar marar madubi tana zama lafiya a ɗamara mai kauri, amma mai inci bakwai da rabi zuwa sama takan daki cinya a kowane taku, ta tokari kujera idan aka shiga mota ko aka hau doki, ta riƙa jan wando ƙasa ta gefe guda har kwankwaso ya yi tsami. Madubin kuma yana tsaye ne a gaba ko a waje, inda ƙaya da rassa ke fara samu, ga shi ɗamarar jakar goyo, wadda ke ɗauke yawancin nauyin jaka daga kafaɗa, tana neman wurin da kuben ya riga ya tare. Akwai masu mayar da shi gefen hagu na ciki a karkace, mariƙin na fuskantar hannun dama, ta yadda za a zaro ta a gicciye. Wannan ya fi daɗi ga mai zaman fako da mai tuƙi, sai dai bakin bindigar na kallon baya da gefe yayin da take cikin kube, kuma wajen zarewa yakan share wani yanki na fili inda abokin tafiya kan iya kasancewa. Wanda ya zaɓi wannan hanya wajibi ne ya koya wa jikinsa juyawa tukuna, ya fuskantar da gefen kuben wurin da babu kowa, kafin ya kai hannu.

Rataya a ƙarƙashin hammata ta fi ƙugu raba nauyi, domin maɗaurai na bi ta kafaɗu biyu su haɗu a baya. Irin wanda bindiga ke kwance a cikinsa, bakinta na kallon baya, bai dace da wannan aiki ba ko kaɗan, saboda dogon bututu zai turo riga ta baya, kuma duk wanda ke bin sawun maharbin a kan siririyar hanya zai yini bakin bindiga na kallon ƙirjinsa. Irin wanda take tsaye a ciki, baki ƙasa, shi ne ake yi wa dogayen libarba, kuma yana aiki ga dogon mutum mai faɗin ƙirji. Ga gajere ko siriri kuwa, kaurin bindiga da madubi yakan hana hannu sauka daidai, sai mutum ya yini da gwiwar hannu a buɗe, maɗaurin jakar goyo kuma ya hau kan na kuben su haɗu su goge fata a wuri ɗaya.

Hanyar da ta fi daɗewa a hannun masu farauta da bindiga mai madubi ita ce ta faffaɗan maɗauri guda da ke tasowa daga kafaɗa ɗaya ya ratsa ƙirji ya sauka a ɗaya gefen, kamar yadda hamila ke riƙe takobin mahayi a ranar hawan salla, kuben kuma ya kwanta a karkace a kan ciki ko haƙarƙari. Kamfanoni irin su Uncle Mike's sun daɗe suna ɗinka shi da yadin nailan mai soso a ciki, da faɗin da zai haɗiye bindiga da madubinta gaba ɗaya, sau da yawa har da murfi mai rufe gilashin baya. Amfaninsa a bayyane yake. Ana sa shi a bisa kowace irin riga, mai kauri ko marar kauri, ba tare da an kwance komai ba. Ana iya zame shi ya koma baya idan za a sunkuya a feɗe dabba, a dawo da shi gaba idan za a zauna. Kuma ba shi da tsada, abin da ba ƙaramin lamari ba ne ga wanda ya riga ya zuba kuɗinsa a bindiga da madubi. Aibinsa ma a bayyane yake ga duk wanda ya taɓa tsallaka rafi da shi: idan babu ƙaramin maɗauri na biyu da ke kama shi da ƙugu, da mutum ya sunkuya sai kuben ya baro jiki ya yi lilo, ya je ya daki dutse ko gwiwa, kuma abin da ke fara isa wurin shi ne madubin. Bayan haka, dukkan nauyin na kan kafaɗa ɗaya, maɗaurin kuma yana son ya zamo ya hau gefen wuya, don haka faɗinsa da laushin gefensa sun fi adon da aka yi masa muhimmanci. Maɗaurin da bai kai faɗin yatsu uku ba zai fara yanka tun kafin rana ta take. Mai hankali yakan kuma duba abin da ke rufe murfin, domin mannen Velcro, wanda masu ɗinki ke so saboda sauƙinsa, yana yin wata ƙara mai kama da yagewar yadi da ke tafiya nesa a dajin da ya yi tsit da sanyin safiya, kuma barewar Amurka mai farar wutsiya ba ta jiran a yi mata ita sau biyu. Maɓallin ƙarfe yana da tasa ƙarar, sai dai ana iya danne shi da babban yatsa a buɗe shi a hankali. Wasu kuma sun fi son madauki na fata da ake zarewa daga kan ɗan ƙusa, wanda ba ya cewa uffan.

A 'yan shekarun nan kuben ƙirji ne ya fi tashe, wato wanda maɗaurai uku ko huɗu ke riƙewa daram a tsakiyar ƙirji ko ɗan ƙasa da shi. Sunansa ya fi fitowa daga Alaska, inda masu yi wa baƙi jagora a daji da masu kamun kifi a kogi ke buƙatar bindiga a wurin da ruwa ba ya kaiwa, jakar goyo ba ta rufewa, hannu kowanne kuma na iya kaiwa gare ta. Diamond D da ke Wasilla na daga cikin waɗanda suka yi suna da shi, Galco kuma na da irinsa da aka yanka domin libarba mai madubi. A nan akwai wani bambanci da matashi ke yawan tsallakewa. Bindigar da mutanen Alaska ke ɗaurawa a ƙirji ta kare kai ce daga beyar da ta taso ba zato, gajera ce, ba ta da madubi, kuma a wurinta sauri shi ne komai. Bindigar farauta mai madubi kuwa ba ta wannan aiki, domin neman dabbar da ke tahowa a guje daga taku goma a cikin madubi mai jawowa ninki huɗu neman wahala ne. Saboda haka hujjojin da ake yabon kuben ƙirji da su ba duka ne suka shafi mai madubi ba. Abin da ya shafe shi shi ne cewa nauyin na tsakiyar jiki, ba ya lilo, ba ya faɗa da ɗamarar jaka, kuma idon mai shi na kan bindigar koyaushe.

Sai dai ƙirji wuri ne mai masu nema da yawa. Madubin hangen nesa mai ido biyu, wanda maharbin fili ba ya rabuwa da shi, a nan yake zama cikin tasa jakar, kuma dole ɗaya ya sauka ƙasa ko ya koma gefe. Rigar ruwan lemo mai haske da jihohi da yawa ke tilasta wa maharba a lokacin farautar bindiga, domin kada wani ya ɗauke su dabba, ita ma a nan take, kuma wasu jihohin har faɗinta suka ƙayyade, kamar Colorado da ke neman inci murabba'i 500 a sama da ƙugu, don haka babban kube baƙi da ya rufe gabanta abin dubawa ne. Wanda farautarsa ta jan ciki ce a filin ciyawa, irin ta masu bin dabbar pronghorn a Wyoming, zai tarar yana niƙa bindigarsa a ƙasa. Sannan akwai wani ɗan abu da sai an gani da ido ake yarda: idan bindiga na tsaye a ƙirji baki ƙasa, gilashin baya na madubin yana kallon sama ne, daidai ƙarƙashin haɓa, ya zama ɗan kasko mai tara duk abin da ya faɗo, ɗigon ruwan sama, dusar ƙanƙara, gumin goshi, ɓarɓashin ganye, har da na abincin da aka ci a tsaye. A ranar sanyi kuma numfashin mai shi na sauka a kansa ya yi hazo, hazon ya daskare. Murfin roba mai buɗewa da yatsa ɗaya, ko murfin kuben kansa, ba ado ba ne a irin wannan wuri. Haka kuma madubin da ake iya ƙara wa ƙarfi da juya zobe, irin mai tashi daga ninki biyu zuwa bakwai, zobensa kan goga da bakin kube ya juya da kansa a hankali, sai maharbi ya ɗaga bindiga a kan dabbar da ke kusa ya ga babu komai a gilashi sai gashi, bai san ko kafaɗa ce ko cinya ba. Duba zoben a duk lokacin da aka tsaya hutawa shi ne maganin wannan.

Akwai bindigogin da sun fi ƙarfin kowane kube. Contender mai bututun inci 14, da ƙanwarta Encore mai inci 15, da XP-100 mai dogon bututu, idan aka ɗora musu babban madubi har da 'yan ƙafafu biyu na ɗorawa a ƙasa, sun zama gajerun bindigogin kafaɗa da ba su da gindi. Masu su da yawa sukan sa musu igiyar rataya kawai, a kama ta gaba a ƙarƙashin bututu da baya a gindin mariƙi, a rataya a wuya ko a gicciye, kuma igiyar na da amfani na biyu, domin idan aka miƙe hannuwa har ta ɗame tana rage rawar bindiga. Amma igiya ba ta rufe kunama, ba ta kare gilashi, don haka mai bin wannan hanya ba ya tafiya da harsashi a ciki. Wasu kuma sukan zura ta a jakar goyo har sai sun isa inda za su zauna, wanda shi ne mafi kariya ga madubi kuma mafi jinkiri, ya kuma dace da mai doguwar tafiya zuwa wurin fako guda. A nan ya kamata a ja kunnen matashi a kan wata dabara da kan zo wa mutum da kanta, wato ƙara wa irin wannan bindiga gindin jinginawa a kafaɗa: a dokar tarayyar Amurka ta 1934 da gyare-gyaren da aka yi mata, bindigar kafaɗa mai bututun da bai kai inci 16 ba sai da rajista ta musamman, kuma haɗa ta ba tare da rajistar ba babban laifi ne.

Game da abin da ake yin kuben da shi, fata ce ta fi shiru da daɗewa, kuma takan ɗauki siffar bindigar ta riƙe ta ba tare da kwaramniya ba. Amma sai a tambayi yadda aka jeme ta. Fatar da aka jeme da sinadarin kurom, irin ta yawancin takalma da jakunkunan masana'anta, gishirin da ya rage a cikinta na iya cin ƙarfe ya sa tsatsa. Wadda aka jeme da ɓawon itace ko 'ya'yansa, bisa hanyar da majeman Kano da Sakkwato ke bi da bagaruwa tun zamanin da, ita ce masu ɗinkin kube ke nema, sai dai su sun fi amfani da kaurarar fatar sa maimakon ta akuya. Kowace iri ce dai, fata na shan ruwa ta riƙe, don haka ba a kwana da bindiga a cikin jiƙaƙƙen kube, ba a kuma shanya shi a bakin wuta, domin zai ƙanƙance ya tsattsage. Harsashin da aka bari watanni a 'yan madaukan fata da ke jikin maɗauri shi ma kwansonsa na tagulla yakan yi koren datti mai danƙo. Nailan ya fi sauƙin nauyi da kuɗi, yana bushewa da wuri, amma yana ƙara idan ƙaya ta karce shi, kuma tun da girma ɗaya ake ɗinka wa bindigogi da yawa, sau da yawa bindiga na wasa a ciki. Kydex, wata roba mai tauri da ake gasawa a matse ta a jikin bindiga har ta ɗauki siffarta, ba ta damu da ruwa ba kuma tana riƙo da kyau, sai dai tana yin ƙwas wajen zarewa, tana goge launin ƙarfe, kuma yawancin waɗanda ake yi da ita a buɗe suke ta sama, madubin na waje. Sun fi dacewa da ɗan ƙaramin gilashin saiti mai jan ɗigo, wanda bai kai akwatin ashana ba, kuma wanda yaɗuwarsa ta sa maharba da yawa na kusa-kusa suka bar dogon madubi.

Ko wane iri aka zaɓa, ba a sassauta wa kube a kan abu biyu: ya rufe kunama ruf ta yadda reshe ko igiyar riga ba za su shiga ba, kuma ya riƙe bindigar ko da mai ita ya faɗi ya wuntsila. Ga libarba akwai ƙarin abu na uku, wato guduma, ƙarfen baya da ake ja da babban yatsa ya ɗana, wanda idan aka sake shi yake bugun gindin harsashi. Guduma na da ƙugiya, kuma reshe na iya kama ta ya ja ta rabi ya saki, don haka maɗauri ya bi ta kanta ya danne ta. Tsoffin libarba masu tsarin Colt na 1873, da Ruger da aka ƙera kafin 1973, idan gudumar na kwance a kan harsashi kuma bindigar ta faɗi a kanta, tana iya tashi. Shi ya sa al'adar masu su ita ce a ɗura biyar a bar rami na shida fayau a ƙarƙashin gudumar. A 1973 Ruger ya shigo da wani ɗan ƙarfe da ba ya shiga tsakanin guduma da allurar bugu ya isar da bugun sai idan an ja kunama, kuma wannan ya kawar da haɗarin a sababbin bindigoginsa, amma ba kowane kamfani ne ya bi wannan tsari ba, don haka littafin da ya zo da bindigar shi ne mai hukunci. Mai hawa ɗan dandamalin ƙarfe da ake ɗaurawa a jikin bishiya, kamar yadda ake yi a jihohin gabas da na tsakiya, yakan zazzage harsashi tun yana ƙasa, haka ma wajen tsallake shingen waya. Wanda kuma ke ɗora libarba a kan jakarsa ko kubensa domin harbi ya tuna cewa tsakanin gangar harsasai da ke juyawa da bakin bututu na baya akwai 'yar tsaga da wuta ke tsartuwa ta gefe da ƙarfin da ke ƙona yadi, yake kuma iya yanke yatsan da aka ajiye a wurin.

Tufafi da yanayi su ne ke yanke ko kube zai zauna a kan riga ko a ƙarƙashinta. A ƙarƙashin babbar rigar sanyi bindiga ta tsira daga ruwa da ƙaya, amma ta shiga ɗumi da laimar jiki, kuma ƙarfe da gilashin da suka sha sanyi a waje idan aka mayar da su can sukan yi raɓa nan take, raɓar kuma ta daskare idan aka sake fito da su. Iskar nitirojin da ake cika madubin kirki da ita tana hana hazo ta ciki ne kawai, ba ruwanta da bayan gilashi. Don haka a ƙasar ƙanƙara an fi son bindiga ta yini a waje cikin kube mai murfi, sanyinta ɗaya da na iska. Doka ma na da ta cewa a nan, domin bindigar hannu da riga ta rufe tana iya zama ɓoyayyen makami a idon dokar wasu jihohi, mai buƙatar izini na daban, kuma jihohi da yawa ba su yarda a shiga mota da bindigar farauta a ɗure ba. Kowace jiha na buga ƙa'idojinta duk shekara, har da irin bindigar da ta halatta, kamar Ohio da ke neman bututun da bai gaza inci biyar ba domin farautar barewa, kuma wannan ƙa'ida kaɗai na iya sauya girman kuben da za a saya. Mai karatu a Nijeriya kuwa ya sani cewa Dokar Makamai ta 1959 ta sa libarba da fistol cikin jerin haramtattun makamai waɗanda shugaban ƙasa ne kaɗai ke da ikon ba da lasisinsu, saɓanin adaka da maharban gargajiya ke ɗura wa albarushi ta baki, wadda lamarinta ke hannun kwamishinan 'yan sandan jiha. Saboda haka wannan bayani zai yi masa aiki a aikace ne kawai idan ya samu kansa a ƙasar da dokarta ta ba shi dama.

Ba a sanin kube a kanti, kuma ranar buɗe farauta ba ranar gwaji ba ce. Matashi ya zazzage bindigarsa, ya duba ta sau biyu, ya ajiye harsasai a wani ɗaki, sannan ya sa ainihin kayan da zai shiga daji da su, har da safar hannu da jakar goyo mai nauyinta na gaskiya, ya rataya kuben ya yi 'yan sa'o'i da shi a inda doka ta yarda. Ya zauna a ƙasa ya jingina da bango, ya durƙusa ya ɗaure takalmi, ya hau tsani, ya sunkuya a kan katifa ya girgiza jiki ya ga ko za ta zamo. Ya zare ta a hankali idonsa a rufe yana sauraron kowace ƙara, ya kuma lura da inda bakinta ke bi tun daga kube har zuwa saiti, ko ya ratsa ta kan ɗaya hannunsa ko cinyarsa. Mayar da ita ma sai an koya, domin dogon bututu mai doro ba ya komawa da hannu ɗaya cikin kuben nailan da ya lanƙwashe, kuma mai gaggawa yakan riƙe bakin kuben da hagu ya bi ta kan yatsunsa da bakin bindiga. Bayan an yi yawo da ita haka, sai a koma filin gwajin harbi a harba a kan takarda daga tazarar da aka saita ta tun farko. Idan ramukan sun kauce daga inda suke a da, to a fara duba kusoshin zobba ko sun saki, sannan a duba cikin kuben a ga ko akwai inda yake matse madubin maimakon ya ɗora nauyin a jikin bindigar, domin kuben da ke rataye bindiga da madubinta zai ci gaba da karkatar da saitin komai yawan ɗaure kusoshin da aka yi.